Zuciya, Huhu da Tafiyar Ƙafa: Tambayoyin da Mutane Suka Fi Yi

Tambayoyin nan ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Wasu a majalisa ake jin su bayan La'asar, wasu a layin ganin likita, wasu kuma a gidan suna, in hira ta gangaro kan wane da ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, aka wayi gari ɓarin jikinsa ba ya motsi. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na fara da masu sauƙi. Wanda likita ya riga ya gindaya wa sharaɗi, maganar likitansa ce gaba da tawa.

Wai waɗanne cututtuka ne ake cewa na salon rayuwa?

Su ne waɗanda ba sauro ke kawo su ba, ba kuma a ɗaukar su daga wani. Sannu a hankali suke ginuwa, daga abin da mutum ke ci, da hayaƙin da yake shaƙa, da yawan zamansa wuri ɗaya. A ɓangaren zuciya akwai hawan jini, da toshewar jijiyoyin da ke shayar da ita kanta zuciyar, da shanyewar ɓarin jiki, da gazawar zuciya wadda mutane ke kira kumburin zuciya. A ɓangaren huhu akwai cutar toshewar hanyoyin iska da likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, da kansar huhu. Asma ba salon rayuwa ke haifar da ita ba, amma yana tayar da ita. Ciwon suga kuwa, ko da yake ba na zuciya ba ne, tare suke tafiya kamar tif da taya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa uku a duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Don haka batun nan na cewa ciwon masu kuɗi ne, a ajiye shi. Sai dai a yi adalci: ba kowane ciwon zuciya ne laifin mai shi ba. Akwai wanda ake haifar yaro da shi, akwai wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun yarinta, akwai kuma gado.

Kakanninmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba. Me ya sa mu sai an ce mu yi?

Domin su rayuwarsu ce motsin. Kakanka ya taka zuwa gona ya dawo, ya taka zuwa cin kasuwar ƙauye, fatake ma har Gwanja suke zuwa da ƙafa su da jakunansu neman goro. Kakarka ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiya mai zurfi, duk kafin azahar. Yanzu dubi ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ya fito daga gida ya hau babur ko adaidaita sahu a ƙofar gida. Ya sauka a bakin layinsu. Ya zauna a kan dila ko benci daga tara na safe, yaron shago ne mai hawa da sauka. Da rana a kawo masa shinkafa da mai da lemon kwalba, ya ci a inda yake zaune. Masallaci taku ashirin ne. Da yamma ya koma, ya ci tuwo, ya fita majalisa ya sake zama har goma na dare. In ka haɗa tafiyarsa ta yini, da ƙyar ta kai ta wanda ya zagaya unguwa sau ɗaya. Haka ma'aikacin ofis, haka tela, haka direba. Injin niƙa da famfo da babur rahama ne, babu mai son a koma baya, amma sun ɗauke wa jiki aikin da aka gina shi a kai, abincin kuma bai ragu ba, sai ma mai da suga da suka ƙaru.

Wanda ya fara nuna wannan da hujja wani likita ne a Ingila, Jeremy Morris, a 1953. Ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya. Bambancin kawai shi ne direba yana zaune, kwandasta kuwa yini yake yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai ga shi ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Ya duba masu raba wasiƙu da ƙafa da takwarorinsu na kan tebur, ya ga abu iri ɗaya.

Me motsa jiki yake yi wa zuciya a zahiri?

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannu, tana bugawa kusan sau 100,000 a yini. Kamar kowace tsoka, in ana sa ta aiki ƙarfi take yi. Zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, sai ta rage yawan bugawa in mutum yana hutawa. Jijiyoyin jini su ma suna amfana: gudun jini a lokacin tafiya yana sa bangonsu ya saki, ya daina ƙandarewa. Shi ya sa mai hawan jinin da ya lizimci tafiya yakan ga lambar sama ta awon jininsa ta sauka da kamar 5 zuwa 8. A ido kaɗan ne, amma ya yi kusa da abin da ƙwayar magani guda ke yi. Sai dai saukar da tafiyar yau ta kawo ba ta wuce yini guda, shi ya sa ba a tara ta a ce sai Lahadi.

Sannan tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, kitsen da ke yawo a jini yana raguwa, nau'in kolestarol mai amfani yana ɗan ƙaruwa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako da rage ƙiba, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin, kashi 31.

To huhu fa? Shi ma ƙara girma yake yi?

A'a. Motsa jiki ba ya ƙara girman huhu, ba ya kuma gyara inda hayaƙi ya riga ya ɓata. Abin da yake yi shi ne ƙarfafa tsokokin da ke jan numfashi, da koya wa tsokokin ƙafa da cinya yin aiki da iska kaɗan. Mutum biyu za su hau bene ɗaya, ɗaya ya iso yana haki kamar an biyo shi, ɗaya ya iso yana ci gaba da hirarsa. Sau da yawa bambancin ba a huhu yake ba, a ƙafa yake da zuciya. Wannan ne ya sa ko mai ciwon huhu ake sa shi atisaye. Duba tambayar masu asma a ƙasa.

Nawa ne ya isa?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu da ƙwallo. A sauƙaƙe, rabin awa sau biyar a mako. A ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 awa guda suke buƙata kullum, wadda a da langa da tsallen igiya da 'yar gala-gala ke biya musu ba tare da kowa ya ƙirga ba.

Ba dole a yi rabin awar a haɗe ba. Minti goma bayan Asuba, goma da rana, goma bayan Isha, duk lissafi ɗaya ne. Wanda kuma ba ya yin komai, shi ne ya fi kowa cin riba daga ɗan abin da ya fara. Da babu gara ba daɗi.

Ta yaya zan san saurin da nake yi ya kai?

Da bakinka. In kana tafiya za ka iya amsa gaisuwa, "lafiya lau, ina gajiya", amma ba za ka iya jan dogon baiti ko ƙira'a ba tare da numfashi ya yanke maka ba, to ka kai matsakaici. In kalma biyu uku kawai kake iya fitarwa, ka shiga mai ƙarfi. In kuwa kana tafe kana danna waya kana gyara zaman hula, wannan yawo ne. Mai son lissafi ya ƙirga taku: kimanin 100 a minti.

Taku 10,000 da wayoyi ke nunawa ba wahayi ba ne. Asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka tallata a Japan a shekarun 1960. Bincike ya nuna amfani yana farawa tun ƙasa da haka sosai, musamman ga manya. In wayarka na nuna 3,000, nemi 5,000 tukuna.

Aikin gida da noma suna shiga lissafi? Sallah fa?

Duk aikin da ya sa numfashi ya ƙaru ya shiga: daka, wanki da hannu, sharar tsakar gida da sauri, ɗiban ruwa, huɗa, tura baro, tuƙa keke. Tsayuwa a gaban tukunya kuwa gajiya ce, ba motsi ba. Matsalar manomi ta daban ce: damina ta ci ƙarfinsa, da an kai amfani gida sai zaman gindin bishiya har wata shida, jiki kuma ba ya ajiyar atisaye daga kaka zuwa bazara.

Sallah ibada ce, ba don atisaye ake yin ta ba, ko da yake ruku'u da sujada suna taimaka wa gaɓoɓi. Ba ta ɗaga bugun zuciya yadda ake buƙata. Amma wanda ya bar babur a gida ya taka zuwa masallacin da ke da ɗan nisa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ni lafiyata ƙalau, ba na jin komai. Me zai kai ni awo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni tsoro. Wani kawuna, mutum mai jiki, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ran nan na raka shi kemis sayen maganin mura, na ga abin awo a kan kanta, na ce, "Kawu, da ka bari an duba ka." Ya harare ni ya ce, "Kai ɗan nan, jiki magayi. Ni da nake cin tuwona in side kwano?" Da ƙyar ya naɗe hannun riga. Na'ura ta matse damtse, ta saki, ta nuna 178 a kan 104. Ya ce abin ya lalace. Aka sake, bai sauya ba. Shiru ya yi har muka iso gida.

A hawan jini, jiki ba magayi ba ne. Mutum zai yi shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, yana cin ƙoda da ido da zuciya a ɓoye. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Ana cewa mutum yana da shi in an auna a ranaku biyu daban aka samu 140 a kan 90 ko sama. In za a auna, a zauna minti biyar tukuna, a jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a magana. Kada a ci goro ko a sha shayi ko taba rabin awa kafin nan. Baligi ya auna ko sau ɗaya a shekara, ya haɗa da gwajin suga in ya haura arba'in ko akwai shi a dangi.

Ina da hawan jini. Zan iya motsa jiki? In ya sauka zan iya ajiye magani?

Za ka iya, kai ne ma ka fi buƙata. Tafiya da sauri, keke, iyo, duk sun dace. Abin da za ka kiyaye shi ne ɗaga kaya mai nauyi kana riƙe numfashi, don yana harba jini sama nan take. In ka auna ka ga 180 a kan 110 ko fiye, ranar ba ranar atisaye ba ce, ranar ganin likita ce. Kada kuma ka tsaya cak bayan tafiya mai sauri. Ka rage a hankali na minti biyar, in ba haka ba jiri na iya ɗibar ka. Masu shan maganin hawan jini irin atenolol da danginsa, bugun zuciyarsu ba ya tashi sosai, sai su yi amfani da gwajin magana da aka bayyana a sama.

Batun ajiye magani kuwa, nan ne mutane da yawa ke halaka. Jinin ya sauka ne saboda maganin. Wane ya sha wata biyu, ya auna ya ga 125, ya ce ya warke, ya koma zoɓo da tafarnuwa, bayan wata shida a ji labari. Zoɓo yana ɗan sauke jini, an gwada an gani, amma bai kai ya maye gurbin maganin hawan jini irin amlodipine ba, balle wanda aka cika wa suga. Likita na iya rage maka ƙwaya in ya ga lambobinka sun daidaita na tsawon lokaci. Shi zai rage, ba kai ba. Ka kuma sani magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da ake sha kamar gyaɗa bayan aiki, suna ɗaga jini kuma suna taɓa ƙoda.

Wata biyu ina tafiya, sikeli bai motsa ba. Ina amfanin?

Amfanin yana inda sikeli ba ya gani. Jini da suga suna gyaruwa ko nauyi bai ragu ba, kuma mai ƙiba da ke motsi ya fi siririn da ke zaune lafiyar zuciya a lokuta da dama. Rage nauyi kuwa, yawancinsa a kwano yake: tafiyar rabin awa kwalbar lemo ɗaya ta isa ta mayar da abin da ta ƙona. Maimakon sikeli, ari tef ɗin tela ka auna ƙugu daidai cibiya. Ana son kada ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Kitsen tumbi shi ne mugun, don shi ke kewaye hanta da hanji, ko da a ce mutane na kiran sa alamar hutu. Siriri mai tumbi ma bai tsira ba.

Ni mace ce, ba na fita sai da dalili. A ina zan yi?

A inda kike. Tsakar gida mai taku goma sha biyar ta isa: ki zagaya da sauri na minti goma, ki juya ta ɗaya hannun. In ɗaki ɗaya ne, ki yi tafiya a tsaye kina ɗaga gwiwa, ko ki hau dakali ko matakala ɗaya ki sauka. Zama da tashi daga kujera sau goma, a huta, a sake, yana ƙarfafa cinya. Galan biyu na ruwa sun isa abin ɗagawa. Gaɗa da rawa a cikin gida su ma motsi ne, kuma sun fi daɗi in da abokiyar zama ko maƙwabciya ko yara. Zuwa Islamiyya ko unguwa, in da hali, a sauka daga adaidaita kafin a iso. Maigida kuma da zai raka iyalinsa tattaki bayan Isha, da shi ma tumbinsa ya gode masa.

Mai ciki mai lafiya ita ma minti 150 ɗin ake so ta samu, sai in an hana ta a wurin awo. Abu ɗaya da zan roƙi mata: a guji ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, da yawansu wani magani ne mai suna dexamethasone. Kumburi suke sawa, su kawo hawan jini da suga tare.

Ina shan taba amma ina buga ƙwallo duk yamma. Bai wanke ba?

Bai wanke ba. Ƙwallo ba ta kankare abin da hayaƙi ke yi wa jijiyoyi da huhu. Taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Shisha ba ta fi sauƙi ba. Ruwan tulun sanyaya hayaƙin yake yi, ba tace shi ba, ga kuma gubar gawayin da ke kai. Labari mai daɗi shi ne jiki na saurin yafiya: shekara ɗaya da dainawa, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana sauka zuwa kusan rabin na mai sha. Tafiya da sauri ta minti goma kuma tana kwantar da ƙishin taba in ya taso.

Amma a wurinmu akwai hayaƙin da ba a kira shi taba. Uwa da ta yi shekara talatin tana hura ɗanyen itace ko kara a madafa marar taga, da goyo a bayanta, huhunta na iya zama kamar na tsohon mashayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020 da hayaƙin cikin gida. Mai hali ya koma gas. Marar hali ya yi girki a fili ko a buɗe taga, a busar da itace, a nisanta yara da murhu, kada a hura wuta da leda. Turaren wuta a ɗaki rufe da maganin sauro na kunnawa su ma hayaƙi ne. Janareta ko kaskon gawayi a ɗaki rufe kuwa ba ya jiran shekaru, a dare ɗaya yake kisa.

Da hunturu ga ƙura, da bazara ga zafi. Yaushe mutum zai fita?

Ƙurar hunturu, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana da laushin da ke shiga can cikin huhu, kuma mai atisaye ya fi mai zama shaƙar ta. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, yi naka a cikin gida kamar yadda aka bayyana a tambayar mata. Sauran ranaku a fita da takunkumi ko rawani a hanci, a guji bakin babban titi da inda ake ƙona bola.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, lokacin fita shi ne bayan Asuba ko bayan faɗuwar rana. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Fitsari in ya yi ja, ruwa bai isa ba. Sa rigar leda ko kaya masu kauri wai don a yi gumi a rame, wahalar banza ce mai haɗari: ruwa ne ke fita, ba kitse ba.

Ina da asma, ko an ce huhuna ya toshe. Ba hutu ya fi dacewa da ni ba?

Hutun shi ne tarkon. Mutum ya ji haki sai ya rage motsi, ƙafa ta yi rauni, hakin ya ƙaru, ya sake ragewa, har zuwa banɗaki ya zama aiki. A asibitocin da ke da sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, akwai shirin atisaye na mako shida zuwa takwas da ake yi wa masu ciwon huhu, kuma yana cikin abubuwan da suka fi rage musu haki. A gida, a yi tafiya minti biyu uku, a huta, a sake. A ja iska ta hanci, a fitar ta baki a tsuke kamar mai hura koko mai zafi, fitarwar ta ninka jan tsawo.

Mai asma ya fara a hankali na minti goma kafin ya ƙara sauri, inhela tana aljihu. In atisaye na tayar masa da ita, likita kan ce ya shaƙi mai launin shuɗi minti goma zuwa sha biyar kafin ya fara. Inhela ba ta sa jaraba, kuma ba alamar ciwo ya kai ƙarshe ba ce, kamar yadda ake yaɗawa. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, musamman da rama ko zufar dare ko jini, a je gwajin tarin fuka, kada a ɗora wa ƙura laifi.

Gishiri da kanwa fa? Me ya haɗa su da mai jego?

Abin da ake so baligi ya ci a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen miya, da burodi, da taliyar leda, da yajin tsire da kilishi. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida sannan aka bi da gishiri ta riga ta wuce gona da iri. A rage sannu a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa.

Kanwa ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne ke cikinta. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da ya biyo baya ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, akwai hannun hawan jinin ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma har yau ciwon ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin duniya. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, sai ta tara filo, ƙafa ta kumbura, tana tari da dare, ba ƙarin wanka take buƙata ba, ba kuma atisaye ba. A kai ta asibiti ranar.

Waɗanne alamomi ne in na ji su zan tsaya nan take?

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya. Zufa mai sanyi. Hakin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi. Jiri ko suma. Bugun zuciya da ya rikice. Mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirji, sai kasala mai tsanani da tashin zuciya da zafi a saman ciki, a yi ta shan maganin olsa. Duk wanda ya taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan, ko yake da ciwon zuciya ko ƙoda ko sikila, ya ga likita kafin ya fara atisaye mai ƙarfi.

Shanyewar ɓarin jiki kuma alamominta uku ne da kowa zai iya dubawa: baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta harɗe. Allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, kuma sai an yi hoton kai tukuna. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko magani, don haɗiyarsa na iya lalacewa ya shaƙe. Addu'a a yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Da azumi fa?

A rage ƙarfi, kada a daina. Lokaci biyu ne suka fi: tafiya mai sauƙi rabin awa kafin shan ruwa, ko mai ɗan sauri awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗa baki. Mai allurar insulin, ko ƙwayar suga irin glibenclamide, ko maganin hawan jini mai sa fitsari, ya je wurin likita tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan sha, kuma kada ya yi atisaye kafin Magariba, don suga na iya faɗuwa.

Baba ya haura saba'in, kuma an biya masa kujerar Makka. Bai makara ba?

Bai makara ba. Ga wanda ya kai 65, minti 150 ɗin na nan, an kuma ƙara masa atisayen daidaita tsayuwa sau uku a mako don gudun faɗuwa: ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya tashi daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba, ya yi tafiya a kan layi ɗaya dunduniya na taɓa yatsu.

Aikin Hajji kuwa aikin ƙafa ne. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura mutum hawa na sama yake ninkuwa, ban da zuwa jifa daga Mina da dawowa, duk a cikin zafi. A fara shiri wata uku kafin tashi. Makon farko minti goma bayan Asuba, jika na biye da shi, a riƙa ƙara minti biyar duk mako har ya iya awa guda ba tare da ya nemi wurin zama ba. A auna jini da suga tun yanzu, a tanadi maganin da zai kai shi har dawowa, a sa a jakar hannu ba a babbar jaka ba. Takalmin da zai tafi da shi kuma, da shi zai riƙa yin tattakin tun daga gida, kada a ba shi sabo fil ranar tashi.